Dare Huɗu a Ƙasar Lautai: Fitilar da Za Ta Kai Ka Asuba

Wanda ya taso a birni yana ganin ya san duhu. An ɗauke wuta, unguwa ta yi baƙi, sai ya ce duhu ya yi. Amma ko a lokacin janareton maƙwabci yana ruri, fitilun motoci suna giftawa, mai shayi da mai tsire kowa ya kunna tasa. Duhun da ya amsa sunansa yana can arewacin Jigawa, a filayen gero da ke tsakanin Gumel da iyakar Nijar, musamman a ƙarshen watan Musulunci, lokacin da wata ba ya leƙowa sai dab da asuba. A can mutum zai ɗaga hannunsa gaban fuskarsa, da ƙyar ya ƙirga yatsunsa.

Irin wannan duhun muka je nema da gangan. Mu takwas ne, ɗaliban jami'a, yawancinmu tsofaffin 'yan sikawut tun daga sakandare. A hutun watan Disamba muka yi karo-karo, muka ari tantuna biyu, muka shirya kwana ɗaya a kowace ƙaramar hukuma ta Masarautar Gumel: Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar da Gagarawa. Burinmu biyu ne. Mu ga ƙasar da idonmu, tunda gani ya kori ji. Sannan mu amsa tambayar da ƙannenmu 'yan makaranta suke yawan yi mana idan za su fita sansanin sikawut ko yawon buɗe ido: wace fitila ce za a saya da ɗan kuɗin da ke hannu, wadda ba za ta yashe mutum a tsakiyar dare ba?

Don haka muka ɗauki fitilu iri biyar. Akwai fitilar ƙwai ta kananzir irin ta kakanninmu. Akwai wata ƙatuwar tocila mai caji, wadda kwalinta ya cika da alƙawura. Akwai ƙaramar tocila mai cin batir ɗan yatsa guda biyu. Akwai fitilar goshi, irin ta mafarauta. Ta biyar fitilar sola ce mai ɗan faranti. Wayoyinmu kuwa muka yi yarjejeniya ba za mu haska da su ba. A daji waya ta kiran agaji ce, kuma tocilar waya ita ce ke saurin shanye cajinta.

Daren farko: Gumel

Daga Kano zuwa Gumel tafiyar kusan kilomita 120 ce, arewa maso gabas. Tun kafin a iso za ka ga ƙasa ta sauya: jigayin yashi, gawo da kuka jefi-jefi, kararen gero a tsaye bayan girbi, rumbuna cike a gefen ƙauyuka. Mutanen garin suna alfahari da sunan Lautai, kuma tarihinsu ya ba su dalili. Mangawa ne suka kafa masarautar a wajajen 1750. Ta yi mubayi'a ga Barno, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato ba, duk da cewa Kano da Haɗeja suna maƙwabtaka da ita. A 1845 aka dawo da hedikwatarta daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, zuwa inda garin yake a yau. Turawan Ingila sun shigo da ita ƙarƙashin mulkinsu a 1903. Mun tsaya ƙofar fada mun sha kallo, mun kuma bi ta gaban Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa, inda malaman makarantu da yawa na wannan yanki suka yi karatu.

Da la'asar sakaliya muka kafa tanti a filin wata firamare da ke bayan gari, bayan mun nemi izinin shugaban makarantar da mai unguwa. Ana idar da sallar magariba muka jera fitilun biyar a kan benci, muka kunna su lokaci guda, ɗaya daga cikinmu ya riƙe littafi yana rubuta abin da ya faru.

A farko ƙatuwar tocilar nan ce sarauniya. Haskenta ya ratsa filin ƙwallo ya dira a bangon ajin da ke can ƙarshe, yaran unguwa da suka taru suka ɗauki sowa. Kafin a kira isha hasken ya fara komawa rawaya. Da muka gama cin abinci ya zama kamar na garwashi. Ƙarfe sha biyun dare bai same ta da rai ba. Ƙaramar tocilar kuwa da fitilar sola, waɗanda ba wanda ya kalla sau biyu, suna nan suna ci a hankali har ladan ya kira asuba.

A nan darasin fiziks ya shigo. Abubuwa biyu ake aunawa a fitila. Na farko yawan hasken da take fitarwa, ma'auninsa lumen. Kyandir ɗaya yana ba da kusan lumen 12. Mai tafiya a ƙasa da dare lumen 50 zuwa 100 sun ishe shi ya ga inda zai sa ƙafa. Mutum takwas su zauna su ci abinci ko su yi karatu, lumen 100 zuwa 300 sun wadatar. Na biyu yawan wutar da batir yake iya ajiyewa, wanda ake rubutawa mAh a jikinsa. Lissafin mai sauƙi ne: idan batir yana da 2,000 mAh, fitila kuma tana jan 500 mA, raba 2,000 gida 500, ka samu awa 4. To, daren Disamba a Gumel, daga magariba zuwa asuba, ya kai awa 11. Fitilar da take zuba haskenta duka lokaci guda kamar mai rabon gado ba za ta kai ka ba. Wadda za ta kai ka ita ce mai matakai, a rage ta idan ana hira, a ƙara idan an ji motsi.

Da safe muka kwance ƙatuwar tocilar don mu ga cikinta. Batiri ɗaya ne a ciki, irin wanda ake kira 18650, wato faɗinsa milimita 18, tsawonsa milimita 65. An rubuta masa 9,900 mAh. Ku riƙe wannan da kyau, ƙannenmu: batirin 18650 na gaske, ko na manyan kamfanonin duniya, bai cika wuce 3,500 mAh ba, kuma nauyinsa yakan kai giram 45 ko sama da haka kaɗan. Wannan kuwa da muka ɗora shi a tafin hannu sai ka ce guntun kara. Duk inda kuka ga lambar da ta wuce hankali a jikin batir ko kwali, ƙarya ce aka yi wa fenti.

Daren biyu: Maigatari

Mun tsara tafiyar ne yadda daren Laraba zai same mu a Maigatari, domin ranar Alhamis kasuwar take ci. Tafiya ce gajeriya daga Gumel, ka miƙe arewa sai ka ga kanka a bakin iyaka. Kasuwar dabbobin Maigatari tana cikin manya a Afirka ta Yamma. Shanu, raƙuma, dawaki, tumaki da awaki suna shigowa daga Nijar da wasu ƙasashen Sahel, tireloli suna jiran lodi zuwa kudancin Nijeriya. Ban da dabbobi, garin ya yi suna wajen cinikin zoɓo da riɗi, waɗanda ake fitar da su har ƙasashen waje.

Wanda yake son ganin kasuwar da gaske ya zo tun jajibere. Da dare ya yi, sai ka ga ɗigo-ɗigon haske suna motsi a cikin ƙura ta kowace kusurwa: masu koro garke, dillalai masu leƙa haƙoran shanu, masu abinci, direbobi a ƙarƙashin motocinsu. Waɗannan mutane rayuwarsu kusan duk sansani ce. Abin da mu muke yi na kwana huɗu don nishaɗi, su sana'arsu ce shekara da shekaru. Shi ya sa muka ga ya dace mu tambaye su.

Mun samu wani dattijo Bafulatani a gindin raƙuminsa yana dafa shayi. Muka yi sallama, muka durƙusa muka gaishe shi.

“Baffa, in ba damuwa, muna son ganin tocilar da kake tafiya da ita.”

Ya yi murmushi, ya laluba aljihun 'yar shararsa, ya miƙo mana wata tsohuwar tocila da fentinta ya goge, an ɗaure gindinta da roba.

“Samari, ga ta nan. Ba ta da kyau, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba.”

“Baffa, me ya sa ba ka sayi mai caji ba? Ai ta fi haske.”

“A ina zan yi cajin? Kwana tara nake yi a hanya. Wannan in ta mutu, ga ranta a aljihuna.” Ya fito da batura huɗu sababbi, ƙulle a leda. “Ba na haɗa tsoho da sabo. In ba zan yi aiki da ita ba kwana biyu, sai in cire su, kada su zubar da ruwa su cinye mata ciki.”

Abin da dattijon nan ya faɗa, shi ne darasin da ya kamata kowane ɗan sikawut ya riƙe: kafin ka zaɓi fitila, ka tambayi kanka kwana nawa za ka yi, kuma ina za ka samo mata wuta idan ta ƙare. Mai kwana ɗaya kusa da gari, mai caji ta ishe shi. Mai kwana uku a inda babu wutar lantarki, ko dai sola, ko mai batirin da ake sauyawa.

Da gari ya waye muka shiga layin masu kayan wuta. Tocila iri-iri a rataye, ja da kore da ruwan zinare. Wani mai rumfa, da ya ga muna jujjuya kwalaye muna karantawa, ya ce, “'Yan boko, kwali ba ya haske. Ku kawo in nuna muku.” Ya ɗauki ɗaya ya kunna, ya girgiza ta da ƙarfi. Hasken ya yi ƙyafta-ƙyafta. Ya ajiye ta gefe. “Wannan haɗinta ya saki, sati biyu ba za ta yi ba.” Ya ɗauki wata, ya girgiza, haske bai motsa ba. Ya danna makunnin sau goma a jere, ya kwance murfin gindin ya nuna mana wani siririn zoben roba. “Wannan ne ke hana ƙura da ruwa shiga. In babu shi, damina ɗaya ta gama da ita.”

A kan wasu kwalayen za ku ga an rubuta IP da lambobi biyu, kamar IP65. Lambar farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6, kuma 6 na nufin ƙura ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce: 4 tana jure yayyafi da fantsama, 7 tana jure faɗawa cikin ruwa na ɗan lokaci. Idan aka sa X a madadin lamba, ba a gwada wannan ɓangaren ba ke nan. A ƙasa irin tamu mai hunturu, lambar farko ma abin dubawa ce.

Akwai kuma ladabin fitila, wanda garin iyaka yake koya wa mutum da wuri. Ba a haska wa mutum fuska, balle babba, balle jami'in tsaro. In ka ji tafiya a duhu, ka haska ƙasa, ka yi sallama. Hausawa sun ce dare rigar mugu, don haka baƙon da yake yawo da haske yana dalla wa mutane ido, shi ya jawo wa kansa zargi.

Daren uku: Sule Tankarkar

Bayan la'asar muka bar hayaniyar kasuwa muka nufi yamma, ƙasar Sule Tankarkar. A wani ƙauye da ke gefen hanya muka sauka, muka fara da ƙofar dagaci.

“Ranka ya daɗe, ɗalibai ne mu, muna neman izinin kwana a filin makaranta.”

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi garuruwanmu da iyayenmu, sannan ya ce, “Bismillah, kun zo gida. Amma abu biyu: kada ku hura wuta kusa da kara, kuma kada kowa ya taka ƙasa da dare ba takalmi.” Kafin isha sai ga yara da ƙwaryar fura da tuwon gero miyar kuka.

A daren nan hunturu ya sauko da ƙarfinsa. Ƙura ta cika sama, ko tauraro ɗaya babu. A nan muka ga wani abu da ba a rubuta a kwali. Fitilar goshi, wadda ta yi mana amfani ƙwarai wajen kafa tanti da wanke kwanuka saboda hannu biyu duk a sake suke, sai ta zama kamar an sa mana farin labule a gaba. Dalili shi ne hasken yana fita daga dab da ido, ya bugi ƙwayoyin ƙura, ya dawo cikin idon kai tsaye, kamar yadda dogon hasken mota yake yi wa direba a cikin hazo. Da aka cire ta daga goshi aka riƙe ta a hannu daidai cinya, sai hanya ta fito sarai. Hasken da ya zo daga ƙasa-ƙasa yana sa kowane rami da kowane tudu ya yi inuwa, ido ya rarrabe su.

Wannan dabarar ce ta yi mana rana. Wajen ƙarfe goma, biyu daga cikinmu suka tafi ɗebo ruwa a famfon tuƙa-tuƙa da ke bayan ajujuwa. Na gaba yana riƙe da ƙaramar tocila ƙasa-ƙasa, sai ya ga wata 'yar inuwa a tsakiyar hanya, kamar an naɗe igiya. Ya tsaya cak, ya tare na bayansa da hannu. Sai suka ji wani sauti, kamar ana zuba ruwa a kan garwashi. Kububuwa ce. Launinta da na yashi kusan ɗaya ne, tsawonta bai kai kamu uku ba, tana goga ɓawon jikinta da juna, wanda shi ne gargaɗinta. Tsakaninta da ƙafarsa taku uku ne. Suka ja da baya a hankali, hasken yana kanta, har ta sulale ta shige tarin kara.

Kububuwa tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a yankin savana na Nijeriya. Da dare take yawo, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Ta fi yawa da damina da lokacin girbi, amma kun ga ko sanyi bai kore ta duka ba. Idan tsautsayi ya faɗa wa wani, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A kwantar masa da hankali, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, domin allurar kashe dafi ce maganin. A Kaltungo ta Jihar Gombe har asibiti na musamman ake da shi don saran maciji. Kunama kuma takalmi take so, saboda haka kowace safiya a haska cikinsa, a kakkaɓe, kafin a zura ƙafa.

Fitilar ƙwai fa? Gaskiya tana da halinta na kirki. Ba ruwanta da caji, iska ba ta kashe ta da sauƙi, muddin akwai kananzir da lagwani tana nan har safe. Amma haskenta kaɗan ne, kananzir ya yi tsada, ƙwan yana fashewa a jaka. Mafi muhimmanci, wuta ce mai harshe. Tanti leda ne da zare, filin kuma busasshiyar ciyawa da kara, ga rumbunan mutane cike da abincin shekara a kusa. Ƙafa ɗaya ta ture ta cikin iskar hunturu, an shiga uku. Haka kuma duk abin da ke ci da wuta a rufaffen wuri, fitila ce ko gawayi, yana fitar da iskar guba marar wari mai kashe mutum cikin barci. Saboda haka tamu a waje ta kwana, a kan yashi tsantsa, nesa da tanti, ta zama alamar da mai fita fitsari zai gane hanyar dawowa.

Daren huɗu: Gagarawa

Ranar Juma'a muka gangaro kudu zuwa Gagarawa. Ta nan layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru ya ratsa, wanda aka kammala a 1930, lokacin da gyaɗa da fatu suke tafiya bakin teku. Mun bi gefen layin da ƙafa, ƙarangiya tana kama mana wanduna, muna kallon gawo yana ta fitar da ɗanyen ganye a tsakiyar rani, shi da yake kaɗe nasa da damina lokacin da kowa ke tsiro.

Tun safe muka ɗaura farantin sola a bayan jaka, da muka sauka kuma muka jingina shi yana kallon kudu, domin a watan Disamba rana ta karkata can. Sau biyu muka goge shi da tsumma, saboda ƙurar hunturu tana rage abin da yake sha. Ita fitilar kanta muka sa ta a inuwa, wayar ce kawai ta haɗa su, domin zafi yana rage wa batir kwana. A cikin fitilun nan biyar, ita kaɗai ce ta yi dare huɗu ba mu ƙara kashe mata ko kwabo ba. Rauninta guda ne: ranar da hazo ya rufe rana, cajinta ba ya cika, sai an yi tattali. Mai sayen irinta ya nemi wadda take da takardar garanti. Tun 2007 Bankin Duniya ya fara shirin Lighting Africa don tantance ingancin irin waɗannan fitilu, kuma kamfanoni irin su Sun King da d.light suna sayar da nasu a Nijeriya.

Duk fitilunmu, ban da ta kananzir, ƙwan LED ne a cikinsu. Tsohon ƙwan tocila mai siririyar waya a ciki yana ɓarnatar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsa a matsayin zafi. LED kuwa da wuta kaɗan yake ba da hasken da wancan yake bayarwa, shi ya sa batir biyu suke kai shi asuba. Farin hasken nan ya samu ne bayan da masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka ƙirƙiro LED mai shuɗin haske, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel ta fiziks a 2014. 'Yar tocilar da ke hannun mai gadin makarantarku jikar wannan binciken ce.

A daren ƙarshe ƙura ta lafa. Bayan isha muka kashe komai, muka kwanta rigingine a kan tabarma. Da farko baƙi kawai muke gani. Idon ɗan Adam yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma farin haske na daƙiƙa kaɗan yana mayar da shi baya. A hankali taurari suka yi ta fitowa, har Kaza da 'ya'yanta suka bayyana a saman kanmu, a cure wuri guda. Da ɗayanmu ya tashi neman ruwa, sai ya kunna jan hasken da ke jikin fitilar goshi, wanda bai cika ɓata wa ido sabonsa da duhu ba, bai kuma tashi masu barci ba. Wanda tasa ba ta da shi, ya rufe bakin tocila da jar leda, ya ɗaure da roba.

Abin da za ku sa a jaka

Ga abin da littafinmu ya nuna bayan dare huɗu. Kowane mutum ya riƙe ƙaramar fitila tasa ta kansa, ta hannu ko ta goshi, mai matakin ragewa da ƙarawa, da batura na ko-ta-kwana a ƙulle a leda. Rukuni kuma ya samu fitilar sola ɗaya ta zama, wadda take watsa haske ko'ina, a rataye ta sama, ɗan nesa da wurin kwana don ƙwari su tafi can. Kada rukuni ya dogara da fitila ɗaya komai girmanta. Da dare kowa ya ajiye tasa wuri guda da ya sani, ƙarƙashin matashi ko cikin hula, yadda hannu zai same ta ba sai ido ya taya shi ba.

Idan kuɗinku na abu ɗaya ne kawai, ku yi tunanin bayan sansani. Fitilar sola mai kyau ita ce za ta zauna da ku a kan tabarmar karatu lokacin WAEC da NECO, ranar da aka ɗauke wuta ana gobe jarrabawar lissafi. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. A Maigatari mun ga mai tsadar da ta kasa gwajin girgizawa.

Gwajin da ya fi kowane kwali gaskiya kuwa kyauta ne, a gida ake yin sa. Mako guda kafin tafiya, ku cika cajin fitilar ko ku sa mata sababbin batura, ku kunna ta da magariba a matakin da za ku yi amfani da shi, ku rubuta lokaci. Ku duba ta da isha, ku duba kafin ku kwanta, ku sake dubawa da asuba. Wadda kuka tarar tana ci ita za ta bi ku. Sauran ku bar su a gida.

Ranar Asabar da hantsi muka naɗe tantuna, muka tsince ledoji, muka tattara matattun batura a jaka don kada yara su tsinta su sa a baki. Muka yi wa mai gadin makarantar sallama, muka bar masa ƙaramar tocilar da sauran baturanta, muka fito bakin titi jiran motar Kano.